Inuwar Giginya: Tarihin New Haven da Abin da Ya Tuna Mini Game da Zariya

Editan mujallarmu ya daɗe yana bi na bashin rubutu, ni kuma ina ta kewaye-kewaye, domin ni ba malamin tarihi ba ne, direban tasi ne a birnin New York. Amma tunda an sa ranar da za mu yanke shawara kan kuɗin da ke asusun ƙungiya, na ga ya kamata in ba da labarin wani gari da ke kusa da mu, ko Allah Ya sa ya amfane mu kafin a ɗaga hannu.

Garin shi ne New Haven, a jihar Connecticut, inda Jami'ar Yale take. 'Yata ta fari ta gama karatun aikin jinya, ta samu aiki a can shekara uku da suka wuce. Tun daga lokacin, ni da mahaifiyarta mukan hau jirgin ƙasa a tashar Fordham da ke Bronx mu je duba ta. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba, nisan kuma bai kai na Zariya zuwa Kano ba. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 134,023 ne a garin. Ga wanda ya saba da New York mai mutum sama da miliyan takwas, wannan ɗan ƙaramin wuri ne, amma sunansa ya kai ko'ina a duniya saboda jami'ar.

Ranar da muka fara zuwa, yarinyar ta zagaya da mu tsakiyar gari. Gine-ginen dutse masu dogayen hasumiyoyi, ƙofofin ƙarfe, ciyawa shar, ɗalibai daga kowace ƙasa suna ta kai da komo. Daga nan muka hau bas muka bi titin Dixwell zuwa unguwar da take haya. Cikin 'yan mintoci komai ya sauya: tsofaffin gidajen katako, shagunan da aka rufe, samari a bakin titi da rana tsaka. Na dubi uwarɗakina na ce, "Hajiya, ai na san garin nan. Wannan fitowa ce daga babbar ƙofar jami'a a Samaru a gangara Hayin Dogo." Tun daga ranar na shiga tambaya da karance-karance a kan yadda garin ya zama haka.

Asalin gari da asalin makaranta

A shekarar 1638 wasu Turawan Ingila kimanin 500, Kiristoci masu tsaurin ra'ayin addini da ake kira Puritan, suka sauka a bakin tekun. Jagororinsu su ne limaminsu John Davenport da wani attajiri, Theophilus Eaton. Ƙasar ta mutanen Quinnipiac ce, kuma an karɓe ta ne da riguna da cokula da wuƙaƙe da gatura da fartanyu. Baƙin suka yanka garin gida tara, suka bar na tsakiya ya zama dandali. A nan ake cin kasuwa, a nan ake binne matattu, a nan sojan gari ke atisaye. Dandalin yana nan har gobe, da coci uku a tsaye a cikinsa.

Burinsu shi ne garin ya zama babbar tashar jiragen ruwa. Hakan bai yiwu ba, domin ruwan gaɓar ba shi da zurfi, ga Boston da New York sun sa shi a tsakiya sun kwashe cinikin.

Makarantar kuwa ba a garin aka fara ta ba. Wasu limaman coci ne suka kafa ta a 1701 don horar da masu wa'azi da ma'aikatan hukuma, kuma ɗaliban farko a gidan shugaban makarantar suke ɗaukar karatu. Wato dai makarantar zaure ce, irin waɗanda muka sani a Unguwar Juma da Kona. A 1716 aka dawo da ita New Haven. A 1718 wani attajiri mai suna Elihu Yale, wanda ya yi gwamnan kamfanin Ingila a Madras ta Indiya, ya aiko da littattafai da ƙunshin kaya da aka sayar a kan sama da fam 500. Da wannan kyauta sunansa ya hau makarantar.

Auduga da bindiga

Sunan da ya fi taɓa ni a tarihin garin shi ne Eli Whitney. Ya gama Yale a 1792, ya tafi kudancin Amurka, a 1793 ya ƙera injin gurzar auduga. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a gidan gurzar auduga ya yi aiki a Zariya, da albashinsa aka saya mini allo da littafin farko. Na tashi ina ganin auduga a gashin kansa in ya dawo da yamma, ban taɓa sanin cewa silar injin ta fito daga wani ɗalibin wannan gari ba. Sai dai injin da ya ciyar da gidanmu ya zama bala'i ga wasu. Da gurza ta yi sauƙi, noman auduga ya bunƙasa a kudancin Amurka, masu gonaki suka ƙara neman bayi, bautar da baƙar fata ta ƙara kafuwa.

Whitney bai samu wani kuɗin kirki daga injin ba, don mutane sun yi ta kwaikwayonsa. A 1798 ya karɓi kwangilar ƙera wa gwamnati bindigogi 10,000, ya kafa masana'anta a bakin wani rafi a arewacin garin. Daga nan New Haven ta zama garin maƙera. Ana yin keken doki, da agogo, da makullai, da kayan roba. A 1866 Oliver Winchester ya kafa kamfanin bindigar da ke ɗauke da sunansa, wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Farko ma'aikatansa sun haura dubu goma nesa ba kusa ba. A wannan gari ne kuma aka buɗe ofishin haɗa layukan tarho na kasuwanci na farko a duniya, a watan Janairun 1878, da masu waya 21.

Aikin masana'anta shi ya jawo mutane. 'Yan Ailan suka zo, sai Yahudawan gabashin Turai, sai 'yan Italiya da suka cika unguwar Wooster Square, inda Frank Pepe ya buɗe gidan fizarsa a 1925, wanda har yau ake yi wa layi. Daga baya baƙaƙen fata suka yi ta tasowa daga jihohin kudu, musamman Carolina, suka zauna a Dixwell da Newhallville kusa da Winchester. Bayansu 'yan Puerto Rico suka zo unguwannin Fair Haven da Hill. A lura da wannan da kyau: a duk tsawon zamanin nan, masana'anta ce ke ciyar da gari. Jami'a tana gefe, tana koyar da 'ya'yan manya da suka zo daga nesa.

Mutanen Amistad da ƙuri'ar 1831

A gaban ofishin magajin gari, daura da dandali, akwai mutum-mutumin tagulla na wani Ba'afirke, Sengbe Pieh. A 1839 shi da 'yan'uwansa, su 53, yawancinsu 'yan ƙabilar Mende daga ƙasar da ake kira Saliyo a yau, suna cikin wani jirgin ruwan Sifaniyawa mai suna Amistad da ya taso daga Havana ta Kyuba. Suka ɓalle sarƙa suka ƙwace jirgin. Sojan ruwan Amurka suka kama su kusa da Long Island, aka tsare su a kurkukun New Haven, a daidai inda mutum-mutumin yake yanzu.

Babu mai jin yarensu, don haka babu yadda za su kare kansu a kotu. Wani malamin harsuna na Yale, Josiah Gibbs, ya je kurkukun ya koyi ƙirga daga ɗaya zuwa goma da Mende. Ya taho nan New York, ya riƙa bin tashar jiragen ruwa yana ƙirgawa da ƙarfi, har wani matashin ma'aikacin jirgin Ingila, James Covey, ya ji harshen uwarsa ya waiwayo. Shi ya zama tafinta. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams ya tsaya musu, a watan Maris na 1841 aka yanke cewa 'yantattu ne. Mutum 35 da suka rage da rai suka koma gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ofishin shige da fice bakinsa ya kasa Turanci, ya san darajar abin da Covey ya yi.

Amma garin da ya yi wannan abin kirki yana da wani tabo. Shekara takwas kafin Amistad, a 1831, an kawo shawarar kafa kwaleji ta baƙaƙen fata a New Haven. Aka kira taron gari, aka kaɗa ƙuri'a, mutum 700 suka ƙi, 4 suka yarda, kuma manyan gari masu alaƙa da Yale suna cikin waɗanda suka ƙi. Sai a 1876 Edward Bouchet, haifaffen garin, ya samu digirin digirgir a fannin kimiyyar fiziks a Yale, ya zama baƙar fata na farko da ya samu irin wannan digiri a Amurka. Duk da haka babu jami'ar Turawa da ta ɗauke shi koyarwa, a makarantun baƙaƙen fata ya ƙare aikinsa. A watan Fabrairun 2024 Yale ta fito ta nemi gafara kan alaƙarta da bauta.

Da injuna suka yi shiru

A 1950 mutanen garin sun kai kimanin 164,000, kuma daga nan aka fara gangara. Masu hali suka sayi motoci suka koma ƙauyukan kewaye, suka tafi da harajinsu. Magajin gari Richard Lee, wanda ya yi mulki daga 1954 zuwa 1970, ya samo maƙudan kuɗi daga gwamnatin tarayya don sabunta gari. Aka rushe unguwar talakawa ta Oak Street ƙurmus, aka shimfiɗa babbar hanyar mota a wurin. Ɗaruruwan iyalai da masu ƙananan shaguna suka watse, hanyar kuma ba a ma ƙarasa ta yadda aka tsara ba. A 'yan shekarun nan garin yana kashe wasu kuɗin yana cike ta don a maido da unguwa. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Masana'antu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Winchester ta rufe a 2006, lokacin ma'aikatan da suka rage ba su kai 200 ba. Maƙwabcin 'yata wani dattijo ne baƙar fata, wanda iyayensa suka taso daga Carolina. Ya shaida mini cewa shi da mahaifinsa duk a nan suka yi aiki, kuma a zamaninsu yaro na gama sakandare zai samu aikin da zai sayi gida ya riƙe iyali. Yanzu an mayar da wani sashe na ginin gidajen haya masu tsada, wani kuma ɗakunan binciken magunguna. Jikokinsa, in ji shi, in ba su yi karatu mai zurfi ba, aikin da ke jiransu a can shi ne shara da gadi da wanke-wanke.

Yau manyan masu ɗaukar aiki a garin su ne Yale da asibitin Yale New Haven, wanda asalinsa ya koma 1826. Jami'ar tana da ɗalibai kimanin 15,000, da asusun waƙafi na sama da dala biliyan 40. A cikin ɗari da suka nemi shiga ajin farko, ba a ɗaukar biyar. A gefe guda kuma, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na mazauna garin yana cikin talauci a ma'aunin gwamnati. A Amurka, harajin gidaje da filaye shi ke riƙe makarantun gari da 'yan kwana-kwana da gyaran titi, amma doka ta ɗauke wa jami'o'i da asibitoci wannan haraji a kan gine-ginen aikinsu. Fiye da rabin darajar kadarorin New Haven ba a biya musu haraji. Nauyin sai ya faɗa kan mai ɗan gida irin dattijon nan. Hausawa sun gama magana da suka ce inuwar giginya, na nesa ka sha.

Abin da ya burge ni shi ne mutanen garin ba su naɗe hannu ba. A 1984 ma'aikatan ofis na jami'ar, yawancinsu mata, suka yi yajin aiki na mako goma har aka gyara musu albashi. A 1994 Yale ta fara tallafa wa ma'aikatanta da kuɗi in za su sayi gida a cikin unguwannin garin. A 2007 hukumar gari ta fito da katin shaida ga duk mazauni, ko yana da takardun zama ko ba shi da su, abin da babu garin da ya riga ta yi a Amurka. A 2010 aka kafa shirin New Haven Promise, wanda Yale ke ɗaukar nauyinsa: yaron gari da ya yi makarantar gwamnati ta garin, ya ci jarrabawa da kyau, bai yi fashin aji ba, ya yi wa al'umma aikin sa kai na awa 40, za a biya masa kuɗin karatu a jami'o'in gwamnatin jihar. A 2021 kuma, bayan shekaru ana matsa mata, jami'ar ta yarda ta ƙara dala miliyan 52 cikin shekara shida a kan abin da take ba garin don raɗin kanta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama. Nema aka yi, aka dage.

Mu dawo gida

Akwai zare tsakanin garin nan da mu. Maɗaba'ar Yale ce ta buga ƙamusun Turanci da Hausa na Roxana Ma Newman a 1990, da babban littafin nahawun Hausa na Paul Newman a 2000. Amma kamar da na gani ta wuce ta littafi.

Zariya garin ilimi ce tun kafin Bature ya shigo a 1902. Bayan zuwansa aka samu jirgin ƙasa, da Sabon Gari, da gidan gurza, da kamfanin taba, da tashar binciken noma a Samaru tun shekarun 1920. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Kwalejin Barewa ta dawo Zariya a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ranar 4 ga Oktoban 1962. A lokacin, ƙafa biyu garin ke tsaye a kai: boko da masana'anta. Audugar Zazzau da Funtuwa tana tafiya masaƙun Kaduna, irin su Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957. Wannan masaƙa ta rufe a 2002, shekara huɗu kafin Winchester. Jirgin ƙasa ya yi sanyi, ma'aikatan reluwe suka watse. Mu ma ƙafa ɗaya ta rage mana.

Kowa ya ga abin da hakan ke nufi a 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas. Ƙanena da ke da shagon buga takardu a Samaru ya riƙa kirana a waya kusan kowane mako. Masu gidajen haya, masu sayar da abinci, 'yan acaɓa, masu wanki da guga, duk kasuwa ta mutu musu. Garin da jami'a kaɗai ke ciyar da shi, in ta yi atishawa kowa sai ya kwanta.

Ba ina cewa jami'armu giginya ce da gangan ba. Ta yi wa Zazzau da Arewa abin da ba ya ƙirguwa, kuma da yawa cikin masu karanta wannan mujalla ita ce ta kai su inda suke. Haka kuma ba za mu je mu nemi ta biya gari irin yadda aka nemi Yale ba, domin ita ta gwamnati ce, ba ta da waƙafin biliyoyin daloli. Amma kowa ya tambayi kansa: a cikin yaran da aka haifa a Hayin Dogo da Bomo, waɗanda iyayensu ke shara da gadi da noma a gefen katangar jami'a, nawa ne suke shiga ta babbar ƙofa da littafi a hannu? Ni ɗan Tudun Wada ne, na ci jarrabawa a zamanina, kuɗin rajista ne ya gagara bayan aikin mahaifina ya ƙare. Shekara ashirin da biyar ke nan ina tuƙa tasi. Ba na raina sana'ata, da ita na ilmantar da 'ya'yana, amma na san inda hanyata ta karkace.

Shawarwari biyu ne a gabanmu: a gina zauren taro mai ɗauke da sunan ƙungiya, ko a kafa asusun karatu. Ina girmama dattawanmu da suka kawo ta farko, kuma na san zaure yana da amfani. Ni dai ƙuri'ata tana ga ta biyu, bisa sharaɗi uku da na koya daga New Haven. Na ɗaya, a ware shi ga yaran makarantun gwamnati na cikin Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru da ƙauyukan kewaye, mata da maza. Na biyu, a rubuta ƙa'ida a fili tun yaro yana aji ɗaya na babbar sakandare, ya san cewa in ya cika ta za a biya masa, ba sai ya san wani ba. Na uku, kada a taƙaita shi ga digiri. A sa kwalejin kimiyya da fasaha, da makarantar jinya, da koyon gyaran injuna da sarrafa amfanin gona, domin garin ya sake samun ƙafa ta biyu.

'Yan'uwa na gida, ku ne kuka san makarantun da malaman da za a amince wa, muna jiran sunaye daga gare ku. 'Yan'uwa na nan, mu ne waƙafin da Zariya take da shi, ko da dala ashirin-ashirin ne a wata. Wanda kuma yake son ya gani da idonsa kafin ranar taro, ya same ni bayan sallar Juma'a mu sa rana. Tikitin jirgi ba shi da tsada, 'yata kuma ta yi alkawarin tuwo da miyar kuka ga duk wanda ya zo.

Allah Ya sa mu dace, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Zazzau lafiya.